3.4 Kula da Na'urar Wanke Gilashin Mota

Wannan na'ura ta ƙunshi abubuwa huɗu, wato tankin ruwa da ƙaramin famfo mai aiki da lantarki da tiyo da kuma bakin feshi. A unguwanni irin su Jakara cikin birnin Kano, ƙurar hunturu kan toshe ramukan feshin, sannan lakar ruwan rijiya kan kwanta a gindin tanki. Wannan ne ya sa ake tace ruwan kafin a zuba, a kuma buɗe ramukan da allura. Idan tanki ya ƙafe aka ci gaba da kunna famfo, yakan ƙone. Haka kuma goga waifa a busasshen gilashi na karce shi, har fitilun motoci su riƙa kashe wa direba ido da daddare, ya kasa ganin masu tafiya a ƙasa.