Me ya sa intanet ke jan ƙafa a Kanan Bakashe da kewaye?

Koke guda ne ke ta dawowa cikin saƙonninku: ɗan'uwa ya turo bidiyo daga Libiya ko Abijan, nan kuma ɗan zoben nan na WhatsApp sai juyawa yake har kwanan forfe ya ƙare. Na can ya ce an yi biris da shi, na gida ya ce rezo ne. To, ruwa ba ya tsami banza. Ga dalilan.

Mu fara da awo. Girman saƙo da mega ake auna shi, sauri kuma da megabit a daƙiƙa, kuma megabit 8 ne ke yin mega 1. Bidiyo mai mega 20, in saurin ya kai megabit 10, cikin daƙiƙa 16 ya sauka. In megabit 1 ne, kusan minti 3. In ya faɗi zuwa kashi 1 cikin 10 na megabit, sai an jira kusan rabin awa. Saboda haka sayen babban forfe ba ya ƙara sauri. Randa ce ka ƙara ma girma, famfon na nan yadda yake.

Na biyu, ku dubi harafin da ke saman wayarku. E na nufin 2G, wanda da ƙyar yake ɗaukar hoto. H ko H+ shi ne 3G, sai kuma 4G da ya fi su. In wayar tsohuwa ce, ko sim ɗin bai ɗaukar 4G, ko a gindin antan kake ba za ka ga 4G ba.

Na uku, nisa. Dogon ƙarfen nan na kamfanin waya, wanda muke ce ma antan, ƙarfinsa na raguwa gwargwadon nisanka da shi. Tudun rairayi, katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano duk suna tare shi. Shi ya sa wanda ke cikin kwarin Gulbin Kaba ke shan wuya, na bisa tudu kuma ya samu.

Na huɗu, cunkoso. Antan kamar rijiya take, mutanen gari duka a nan suke jefa guga. Ranar kasuwa, ko bayan lisha, ko ranar salla da kowa ke gaida nasa, abin da take bayarwa raba shi ake yi. Sandunan rezo na iya cika fal, intanet kuma ya ƙi tafiya, don sandunan kusancinka da antan suke nunawa, ba yawan masu ɗiba ba.

Na biyar, wuta. Antan ba ta aiki sai da lantarki, na NIGELEC ne, na hasken rana ko na janareto. Ba mu manta watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu, har da layin Katsina zuwa Gazawa da ke ciyar da jihar Maraɗi. In batirin antan ya yi sanyi, rezo ya tafi.

Na shida, doguwar hanya. Daga antan ta ƙauye, saƙo na tsallakawa ta faifan nan mai kama da ganga da ke jikin ƙarfen, daga wannan antan zuwa waccan, har ya kai wayar fibar da ke bin babbar hanya ta Tasawa da Maraɗi. Nijar ba ta da teku, don haka ta ƙasashen maƙwabta kamar Benin da Najeriya muke kai ga manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa. Ranar 14 ga Maris 2024, guda 4 daga cikinsu suka lalace a gaɓar Kodibuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, har da tamu. Ka ji, matsala a cikin teku, mu da ke Mayahi muka ji a jikinmu.

Starlink fa, da ya fara aiki a Nijar a watan Maris na 2025? Shi daga taurarin ɗan'adam yake zuwa, masu nisan kilomita kusan 550, bai buƙatar antan. Amma ruwan sama mai ƙarfi na rage shi, kuma in mutum 30 suka hau wifi guda, labarin rijiya ne ya dawo.

To, me ke hannunmu? Ku sauke manyan saƙonni da asuba, kafin gari ya tashi. Ku rufe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, ku zaɓi wanda kuke so. Ku hana manhajoji sabunta kansu a ɓoye. Kafin ku zuba kuɗi, ku tambayi maƙwabta layin da ya fi kamawa a unguwarku tsakanin Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecom, tunda kowane da inda antan ɗinsa take. In matsala ta daɗe, a kai koke ga kamfanin, in ba a ji ba akwai hukumar ARCEP mai sa ido a kansu.

Ku kuma ƴan'uwa na waje, ku tausaya. Saƙon murya na minti 1 bai kai rabin mega ba. In maganar ta rashin lafiya ce ko ta kuɗin cefane, ku faɗe ta da murya ko ku rubuta, bidiyon biki ya biyo baya.

Ku aiko muna da sunan garinku da harafin da ke fitowa a wayarku, za mu karanta a shirinmu na gaba. Allah ya sada mu da alheri.