Zuciya za ta iya ba na'urarta wuta

A shekarar 1958 ne likitocin ƙasar Suwid suka fara dasa wa mutum na'urar daidaita bugun zuciya. Majinyacin, Arne Larsson, ya rayu har 2001, an sake masa na'ura fiye da 20. Har yanzu pil ne babbar matsala: bayan shekara 7 zuwa 12 ƙarfinsa yakan ƙare, sai a koma ga aikin tiyata, ga tsada, ga haɗarin shigar ƙwayoyin cuta.

Alhali kuwa zuciya tana bugawa kusan sau 100.000 kowace rana. Wannan motsi ne masana suke son mayarwa lantarki. A 2014, masu bincike na jami'ar Berne ta ƙasar Suwis suka ɗauki injin agogon hannu, irin mai cika kansa da motsin hannu, suka ɗinka shi a kan zuciyar alade. Ya ba da mikrowat 52, na'urar kuwa kimanin 10 take buƙata. A 2019 masanan ƙasar Sin suka yi nasarar irin wannan gwaji da wani siririn faifai mai haifar da lantarki ta hanyar gogayya.

Gwaje-gwajen biyu a kan dabbobi aka yi su. In dabarar ta tabbata ga ɗan Adam, majinyaci zai huta da tiyatar sake pil.