Filin da ba shi da hanya: abubuwan mamaki daga Jos zuwa ƙetare

A unguwannin Jos da suka hau kan duwatsu, irin su Unguwar Rogo da Tudun Wada da Jenta, akwai gidajen da ba a kai musu sai ta lungu, wani lungun ma ya bi ta gefen katangar maƙwabci. Ran da maƙwabcin ya tashi faɗaɗa gininsa, ran nan ake gane ko hanyar haƙƙi ce ko alfarma. Ga wasu abubuwa game da wannan matsala da ya kamata duk mai shirin sayen fuloti ya sani.

Shari'ar Ingila da kotunan Najeriya suka gada ba ta ce duk wanda filinsa ya toshe yana da ikon ratsa filin kowa ba. Inda take ba da hanyar dole shi ne idan asali filin na mutum ɗaya ne, ya yanka ya sayar da na ciki ya riƙe na bakin titi. A nan doka tana ɗauka cewa ya sayar har da hanyar shiga, ko da ba a rubuta ba. Amma in waɗanda suka kewaye ka ba su da alaƙa da cinikin, sai dai lallashi da sulhu, ko ka sayi hanyar da kuɗinka.

A Faransa abin ya sha bamban. Sashe na 682 na kundin dokokinsu, wanda ya samo asali tun 1804, ya ba mai filin da aka kewaye ikon neman hanya ta filin maƙwabta, da sharaɗin ya biya diyyar ɓarnar da zai jawo. Sashen da ke biye ya ce a bi inda ya fi kusa da titi, kuma inda ɓarna ta fi ƙanƙanta. A ganina wannan ya fi adalci, don bai bar kowa a rufe ba, bai kuma ci haƙƙin maƙwabci ba.

A Najeriya kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma sashenta na 5 ya ba shi ikon bayar da haƙƙin wucewa haɗe da takardar mallaka. Ke nan hanya abu ce da za a iya sawa a takarda, a zana ta a taswirar safiyo. Dillali zai nuna maka faɗi da tsawo, ya faɗi farashi, amma ba kasafai yake kawo zancen hanya ba sai ka tambaya. Abin da ke ci mini rai shi ne mai ƙaramin ƙarfi, wanda ya tara kuɗinsa da ƙyar, shi ne ya fi faɗawa wannan rami, domin fulotin ciki ya fi araha.

Musulunci ya daɗe da yin magana a kan batun hanya. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi hukuncin a bar wa hanya faɗin zira'i bakwai idan an yi saɓani a kanta. A Muwaɗɗa Malik kuma akwai labarin Dahhaku ɗan Halifa, wanda ya so ya ja magudanar ruwa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, mai gona ya ƙi. Halifa Umar ya duba ya ga ba cutarwa, hasali ma mai gonar zai amfana da ruwan, sai ya sa aka ratsa da ita.

Garin Jos kansa ya taɓa rasa hanya. A farkon haƙar kuza, 'yan dako ne ke ɗaukar ta a ka har Loko a bakin kogin Binuwai. Sai a 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos da Bukuru, aka rufe layin a 1957. Har yau kuma ma'adinin da ke ƙarƙashin gonarka na gwamnatin tarayya ne, dokar ma'adinai ta 2007 ma ta fifita haƙar ma'adini a kan sauran amfanin ƙasa.

Tsofaffin ƙauyukan Birom an san su da shingen kerana, da 'yan siraran hanyoyi a tsakanin shingayen. Makiyaya kuwa burtali ne nasu, hanyar da ake bari tsakanin gonaki don shanu su kai ga ruwa da makiyaya. Ba a Filato kaɗai ba, duk inda aka nome burtali ko shanu suka kauce masa, kowa ya san irin hasarar da ke biyowa.

Ƙasashe ma suna da wannan damuwa. Nijar ba ta da teku, Lesoto kuwa Afirka ta Kudu ce ta kewaye ta ta ko'ina. Yarjejeniyar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta amince irin waɗannan ƙasashe suna da haƙƙin kaiwa ga teku ta ƙasar maƙwabta, amma yadda za a wuce sai an zauna an daidaita.

A jihar Wayomin ta Amurka kuwa, filayen gwamnati da na masu kuɗi a jere suke kamar gidajen dara, kusurwa na taɓa kusurwa. Wasu mafarauta huɗu suka kafa tsani suka tsallaka daga filin gwamnati zuwa wani filin gwamnati ba tare da sun taka na attajirin da ke tsakani ba. Ya kai su ƙara cewa sun ratsa sararin da ke saman filinsa. A 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba mafarautan gaskiya.