Noman Fure Don Ranar Biki: Yadda Ƙananan Manoman Ingila Ke Cin Abinci

Mafi yawan furannin da ake sayarwa a shagunan Ingila ba a ƙasar aka noma su ba. Fiye da kashi 80 cikin ɗari daga waje ake shigo da su, galibi ta hannun Holan. A garin Aalsmeer, dab da filin jirgin saman Amstadam, akwai kasuwar gwanjon fure da ta fi kowace girma a duniya, inda miliyoyin furanni ke sauya hannu da sassafe. Gwanjon nasu ma daban yake: daga sama farashi ke farawa yana gangarowa a kan wani agogo, wanda ya riga tsayar da agogo shi ya saya. Wani kayan a Holan aka noma shi, wani kuma jirgi ne ya kwaso shi daga Kenya da Habasha da Kudancin Amurka. Furen wardin da aka yanka a gefen tafkin Naivasha na Kenya ranar Litinin, kafin mako ya ƙare yana kan teburin wani a Landan.

To ta yaya mai ɗan lambun da bai wuce eka ɗaya ko biyu ba zai ja da irin wannan kasuwa? A farashi kam ba zai iya ba, kuma duk wanda ya gwada ya sha ƙasa. Amma akwai masu cin abinci da wannan sana'a, yawancinsu mata. A shekarar 2011 wata manomiya a yankin Yorkshire, Gill Hodgson, ta kafa ƙungiyar Flowers from the Farm don haɗa kan ƙananan masu noman fure. Ƙungiyar ta bazu a duk faɗin Birtaniya, har ta kai ga lokacin naɗin Sarki Charles na uku a watan Mayun 2023, furannin da aka ƙawata majami'ar Westminster da su daga gonakin 'yan ƙungiyar fiye da 80 aka tattaro su.

Dabarar tasu ita ce noma abin da ba ya jure tafiya. Furen da zai yi kwanaki a kwali, ya hau jirgi, ya sauka, ya hau mota, dole ya zama mai taurin rai, mai miƙaƙƙen kara. Shi ya sa masu fitar da iri suka daɗe suna fifita juriya a kan ƙamshi, har ya zama wardin kanti ana shinshina shi ba a jin komai. Akwai kuma furannin da kwali ke lalata su. Daliya ba ta ƙara buɗewa in an yanke ta, don haka sai ta kusa gama buɗewa ake yankanta, kuma da ta ɗan gogu sai ta ƙuje. Furen da suke kira suwit-pi ƙamshinsa na cika ɗaki, amma kwana huɗu ko biyar ya yi yaushi. Irin waɗannan su ne jarin ƙaramin manomi, don shi a yau zai yanka gobe ya kai. Babu kuma wanda ya fi amarya son irin wannan kaya, tunda ita furen yini guda take nema, ba na mako biyu ba.

A nan ne sana'ar ke da daɗi, a nan ne kuma take da wuya. An sa ranar biki tun bara, an raba kati, ranar ba ta matsawa. Fure kuwa ba ruwansa da kati. In sanyi ya daɗe bai tafi ba, sai ya makara da mako biyu. In zafi ya sauko da wuri, sai ya buɗe ya zube kafin ranar. Saboda haka gogaggun cikinsu ba sa yi wa amarya alkawarin wani fure takamaimai. Abin da suke ce mata shi ne ta zaɓi launi, ta bar musu zaɓen fure. Wadda ta zo da hoto daga Instagram ta kafe sai irinsa sak, alhali hoton a wata ƙasa aka ɗauke shi a wani lokaci na shekara, gara a rabu da ita tun ran gini, ta je wurin masu saro kayan Holan. A ganina wannan ƙin karɓar aikin da bai dace ba shi ne rabin sana'ar.

Sauran rabin lissafin kalanda ne. Kakar fure a fili a Ingila daga wajen Afrilu take zuwa Oktoba, sai jaurar farko ta ƙone daliya a rufe kasuwa. Don kada a wayi gari wani mako babu abin yanka, ba a shuka iri gaba ɗaya. Ana shukawa kashi-kashi, bayan kowane mako biyu ko uku, yadda in wannan fangali ya ƙare wancan ya kawo. Tulif tun kafin hunturu ake binne albasarsa, shi ke buɗe kaka. Fiyoni sai ya yi kamar shekara uku a ƙasa kafin a fara yankansa sosai, amma yana da wata baiwa: in aka yanke shi yana ƙunshe, lokacin da in an matsa shi da yatsa ake jin ya yi laushi, ana iya kwantar da shi a ɗakin sanyi na makonni, a fito da shi ana gobe ko jibi biki a tsoma a ruwa ya buɗe.

Yankan ma da ƙa'idarsa. Da sanyin safiya ake yi, kafin rana ta shanye ruwan jikin shuka. Mai yanka na tafe da bokiti mai tsabta, ta yanke kara da almakashi mai kaifi, ta zage ganyen ƙasa da yatsu biyu, ta tsoma nan take. Duk ganyen da ya nutse a ruwa ruɓewa zai yi, ƙwayoyin cuta su toshe hanyar da karan ke shan ruwa, fure ya sunkuyar da kai. Daga nan sai a ajiye bokitan a wuri mai duhu da sanyi na wasu sa'o'i ko kwana guda su sha su ƙoshi, sannan a fara ɗaurawa. Wanke bokiti kaɗai aiki ne da ke cin lokaci, kuma ba ya fitowa a hotunan talla.

Sai batun kare muhalli, wanda da shi ƙananan manoman ke tallata kansu. Nan akwai buƙatar a yi adalci. Ba kowane furen da ya zo daga nesa ne ya fi ɓarna ba. Wani bincike na Jami'ar Cranfield a 2007 ya nuna cewa wardin Kenya, duk da hawan jirgin da ya yi, hayaƙin da ya jawo bai kai na wardin Holan da aka noma a ɗakin gilashi da wutar ɗumama da fitilu ba. Kenya na da rana kyauta, kuma dubban iyalai a Naivasha da wannan aiki suke ci, ko da yake an daɗe ana kuka kan ruwan tafkin da magungunan feshi da albashin ma'aikata. Inda ƙaramin manomin Ingila ya yi zarra shi ne in ya noma a fili a kan lokacinsa, ba ɗumama, ba jirgi, da takin da ya haɗa da kansa. In ya fara kunna wuta don ya samu fure a watan Janairu, hujjarsa ta rushe.

Abin da ba a gardama a kansa shi ne koren soson nan da masu kwalliya ke jiƙawa su soka fure a ciki. An ƙirƙiro shi a Amurka a 1954, ya sauƙaƙa aiki ƙwarai, sai dai roba ce zalla, sau ɗaya ake amfani da ita, tana marmashewa ta bi ruwa. Ƙungiyar masu lambu ta masarautar Birtaniya ta hana amfani da shi a bukukuwan baje kolinta, har da na Chelsea, daga 2021. Masu gudun sa sun koma dabarun da: dunƙulen ragar waya irin ta kejin kaji a cikin kwano, ko faranti mai tsinin ƙusoshi da Japanawa ke amfani da shi, ko ƙananan kwalabe da ake ɓoyewa cikin ganye. Ya fi cin lokaci, kuma washegarin biki dole a koma a kwance komai a kwaso.

Wannan lokacin ne sababbin shiga ke mantawa da shi wajen yanka farashi. Suna lissafa kuɗin iri da taki, su manta da zaman tattaunawa da amarya, da man mota, da hawa tsani tun asuba, da watanni biyar na hunturu da babu ciniki amma ana tonon saiwar daliya ana adanawa. Shi ya sa gogaggun manoma ke karɓar kafin alƙalami tun ranar da aka kama musu rana, wasu kuma ba sa karɓar aikin da bai kai wani adadi ba. Da yawa sun raba cinikin gida biyu. Akwai cikakken aiki, daga dunƙulen da amarya za ta riƙe har ƙawata zaure. Akwai kuma sayar da fure bokiti-bokiti, dangi su zo su ɗauka su jera da kansu; ribar ba ta kai ta farko ba, amma ba ta hana barci. Rarar da ta saura a busar da ita a sayar da hunturu, wasu kuma su buɗe ajin koyar da ɗaurin fure a gonar.

Mu a nan, duk wanda ya halarci dina a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san yawancin fulawar da ke bayan kujerar ango da amarya ta roba ce, a kwance ta yau a kafa ta gobe a wani zauren. Masu dekoreshon suna da hujja, don ɗanyen fure ba ya jure zafin Afrilu. Amma tsaunin Jos na da sanyin da wardi da wasu furanni ke so, ana kuma noma su a can ana kaiwa Abuja. Wanda ke sha'awar shiga sana'ar, kafin ya sayi iri ya fara zama da masu kwalliyar zaure biyu ko uku ya ji me za su iya saya kuma a nawa, sannan ya san yadda zai riƙe sanyi daga gona zuwa zaure. Tafiyar Jos zuwa Abuja sa'o'i ne masu yawa a mota, kuma ɗakin sanyin da ya dogara da wutar gari kaɗai, ba sola ba janareta, dare ɗaya ya isa ya lalata kayan biki guda.