Yadda Ake Gane Tarihin Tsohuwar Motar Soja da Wayar Hannu

A hanyar Wudil zuwa Gaya, da ta Gaya zuwa Ajingi, har yanzu ana cin karo da tsofaffin manyan motoci masu bodin katako suna jigilar hatsi, itace ko yashi. Da yawansu sun girmi direbobinsu. Idan aka zo sayar da irinsu, kalma ɗaya ke ɗaga farashi: "Ai motar soja ce, har yaƙin Biyafara ta je." Wani lokacin gaskiya ne, sau da yawa kuwa fenti ne kawai. Matashin da aka yi karo-karo a gidansu don a saya masa motar haya zai iya tantance wannan magana da wayar da ke aljihunsa kafin ya tura ko sisi.

Abu na farko ba ya buƙatar data: a duba gefen da sitiyari yake. An gama yaƙin basasa a watan Janairun 1970, Najeriya kuma ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972. Kafin wannan rana, sitiyarin yawancin motocin ƙasar nan a dama yake. Motar da aka ƙera da sitiyari a hagu, aka ce ta yi Biyafara, akwai alamar tambaya a kanta. Idan kuma allon ƙarfenta ya nuna ANAMMCO, magana ta ƙare, domin kamfanin na Inugu sai bayan yaƙin ya fara harhaɗa motocin Mercedes. Haka Steyr ta Bauchi, bayan yaƙin aka kafa ta.

Wannan allon ƙarfe shi ne katin ɗan ƙasar mota. Yana jikin ƙofa ko cikin ɗakin direba, kuma lambar da ke kansa an buga ta a jikin shasi. Maiƙo da tsatsa sukan rufe ta. A goge wurin da tsumma da kananzir, a kashe filashin kamara, sannan wani ya haska tocilar wata wayar daga gefe, ba gaba da gaba ba. Hasken gefe yana sa inuwa ta faɗa cikin ramin kowane harafi, sai lambar ta fito raɗau. Idan ta ƙi, a ɗora farar takarda a goga fensir a kai, a ɗauki hoton takardar.

A kan Mercedes mai guntun hanci, wadda aka fi sani da 911, sunan kansa bayani ne. Tun 1963 kamfanin ke amfani da wannan tsari: 9 na nufin nauyin mota da kayanta kusan tan 9, 11 kuma ƙarfin inji kusan doki 110. Harafin L na nufin motar kaya, K tifa ce, A kuwa na nufin dukkan ƙafafun suna ja. A nan mai saye zai buɗe ido, domin sojoji sun fi son mai A saboda yashi da taɓo. Idan allon ya ce LA 911, a leƙa ƙarƙashi a ga ko akwai difiransha a gaba. Rubutun Jamusanci kuwa Google Lens na fassara shi: Baujahr shi ne shekarar ƙira, Fahrgestell shi ne shasi. Sai dai Lens yakan rikita 8 da B, ko 0 da D, don haka mutum ya kwafi lambar da hannunsa.

Shafukan intanet masu fassara lambar mota ba za su yi wani amfani a nan ba. An gina su ne kan lamba mai gurbi 17, wadda ta zama ƙa'ida wajen 1981, tsofaffin Mercedes kuwa gurbi 14 ne. Shafin zai ce lambar ba daidai ba ce, ko ya nemi kuɗi ya kawo shirme. Kada a biya.

Alamomin aikin soja sukan ɓuya a ƙarƙashin fenti. Da hasken gefen nan ana iya hango inuwar tsohon rubutu a bamba ko ƙofa. NA na sojan ƙasa ne, NAF na sama, NN na ruwa. DIV na nufin runduna, BDE birged, BN bataliya. Wanda ya ga 3 BDE, ta yiwu motar ta zauna a Kano, domin birged ta 3 tana barikin Bukavu, ƙarƙashin runduna ta 1 da ke Kaduna. Amma wannan rubutu wurin zamanta na ƙarshe kawai yake nunawa. Ana yi wa motoci canjin wurin aiki kamar yadda ake yi wa sojoji.

Akwai kuma waɗanda sun yi soja, amma ba a Najeriya ba. Lambar sojan Jamus da Y take farawa. Ta Ingila, irin ta tsofaffin Bedford, lambobi biyu ne, haruffa biyu, lambobi biyu. Da'ira ruwan ɗorawa mai baƙar lamba a gaban mota tana gaya wa mai tsaron gada ajin nauyinta. Idan aka samu lamba mai gurbi 13 a jikin wani kayan gyara, ta rumbun NATO ce: gurbi na biyar da na shida su ne ƙasa, 12 Jamus, 99 Ingila, 00 ko 01 Amurka. Ƙofar leƙe a rufin ɗakin direba da ƙugiyar jan kaya mai kauri a baya ma shaidu ne da mai fenti ba zai iya ƙirƙira ba.

Idan ta tabbata ta soja ce, sai a nemi takardar gwanjon da ta fitar da ita daga hannun rundunar, a gwada lambar shasin da ke takardar da wadda aka ɗauka a hoto, gurbi bayan gurbi. Lambar farar hula, ko GYA ce ko AJG, wurin rajista kawai take nunawa, ba ta wanke motar da aka fitar ta bayan fage. Sannan akwai doka tun shekarun 1970 da ta hana farar hula amfani da mota mai koren fentin soja. Wanda ya saya da wannan launi, ya fara kai ta wajen mai fenti kafin ya ɗauki lodin Dawanau.