Me ya haɗa ɓera da ɗan acaɓa?

Ɗan acaɓa ya faɗi a hanyar Lafiya zuwa Akwanga, babu hular kwano, kai ya daki kwalta. Da yawa daga cikin abin da likita ya sani kan kumburin ƙwaƙwalwar da zai biyo baya, a jikin ɓeraye aka koyo shi.

A 1994 Anthony Marmarou ya fito da dabarar nazarin raunin ƙwaƙwalwa a Amurka: a sa ɓera barci da magani, a manna masa faifan ƙarfe a ka, a sako nauyin giram 450 a kan faifan daga tsayin mita 2, sannan a duba ɓarnar jijiyoyi.

Sai dai ƙwaƙwalwar ɓera sumul take, tamu kuwa duk lanƙwasa ce. Ba duk abin da ya yi wa ɓera amfani ke yi wa mutum ba: sinadarin progesterone ya taimaki ɓeraye masu rauni a ka, amma manyan gwaje-gwaje biyu a kan mutane a 2014 sun nuna bai tsinana komai ba.