Bidiyon Siyasa da Yaƙin Neman Zaɓe a Arewacin Togo

Bidiyon siyasa da ke yawo a wayoyin arewacin Togo yawanci gajere ne: jawabin ɗan takara, waƙar yabo ko ta zambo, ko hoton taro da wani ya ɗauka da hannu yana rawa. Ta WhatsApp ya fi tafiya, sai Facebook da TikTok. Ƙarfinsa yana cikin harshe. Faransanci ne harshen hukuma da na jaridu, amma a Sokode da Kotokolanci ake hira, a Dapaong da Naki-Est da Moba da Gurmanci, a zango kuma da Hausa. Wanda bai yi boko ba, ba ya buƙatar mai fassara idan saƙo ya zo masa da murya da fuska.

Sokode ce ta fara nuna tasirin abin. A 2017 jam'iyyar adawa ta PNP ta Tikpi Atchadam ta tara magoya baya da saƙonnin murya da bidiyo a zaurukan WhatsApp, 'yan ƙasar mazauna Jamus suna taya ta yaɗawa. Ranar 19 ga Agusta jama'a suka fito suna neman a koma ga tsarin mulkin 1992 mai ƙayyade wa'adin shugaban ƙasa. An rasa rayuka a Sokode, kuma hotunan ranar suka karaɗe ƙasa kafin gidajen rediyo su ce uffan. A watan Satumba gwamnati ta katse intanet har sau biyu, matakin da kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa doka a hukuncinta na Yunin 2020.

Sai dai cika titi daban, cika akwati daban. Gamayyar 'yan adawa ta ƙaurace wa zaɓen majalisa na Disamban 2018. A zaɓen shugaban ƙasa na 22 ga Fabrairun 2020 an bayyana cewa shugaba Faure Gnassingbé ya ci da kusan kashi 71 cikin ɗari, a Afrilun 2024 kuma jam'iyyarsa UNIR ta kwashe kujerun majalisa 108 cikin 113, sakamakon da 'yan adawa suka yi ta ƙorafi a kai. Bidiyo yana ɗaga hankali cikin dare ɗaya, amma ba ya yi wa mutum rajista, ba ya tsayawa wakili a rumfa har a gama ƙirga. A karkara kuwa maganar sarkin gari da ta dattijan unguwa har yanzu tana da nauyi.

A Naki-Est, cikin Kpendjal ta Yamma, lamarin ya ɗan bambanta. Tun Yunin 2022 yankin Savanes, inda Naki-Est take, ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda hare-haren 'yan bindiga daga iyakar Burkina Faso, don haka taron gangami bai da sauƙi, 'yan jarida ma ba sa yawan shiga. Waya ta cike giɓin. Inda sabis ya yi rauni ko kuɗin data ya gagara, mutum ɗaya ya sauke bidiyo a Dapaong ran kasuwa, da yamma samari biyar sun duƙa kan allo guda a teburin mai shayi, daga nan a tura wa juna ta Bluetooth. Ta wannan hanyar ce kuma tsohon hoto daga wata ƙasa ke shigowa a ce jiya aka ɗauke shi a ƙauyen maƙwabta, babu mai iya tantancewa.

Hukuma ta amsa da doka. Dokar laifukan intanet ta Disamban 2018 ta tanadi ɗauri kan yaɗa labarin ƙarya, abin da masu kare haƙƙin ɗan Adam ke ganin ana iya rufe bakin masu suka da shi. A Mayun 2025 aka kama mawaƙi Aamron bayan bidiyoyinsa na sukar gwamnati a TikTok, aka yi zanga-zanga a Lome cikin Yuni, sannan aka gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi ranar 17 ga Yuli, UNIR ta sake yin rinjaye.